Bas ta Ashirin da Ɗaya

Bas ashirin muka saka wa na'ura. Ni na ƙirga su, ni na sa hannu a takarda. Amma tun daga rana ta uku da fara gwaji, kullum da yamma sai kwamfutata ta dage cewa akwai ta ashirin da ɗaya a kan titi.

Bari in faɗi aikin tukuna. Na lura in na fara bayaninsa mutane gyaɗa kai kawai suke yi don kada in ji haushi, ni kuwa zuciyata a kusa take, kowa a ofis ya sani. Ni injiniya ce a ofishin kula da zirga-zirgar motoci na garinmu, kuma shekara biyu na yi ina fama da abu guda: in sa motoci da fitilun danja su riƙa magana da juna. Babban titin da ya ratsa gari yana da mahaɗa goma sha biyu. A jikin sandar fitilar kowace mahaɗa muka ɗaure wani farin akwati. A gaban kowace bas kuma, kusa da sitiyari, muka maƙala wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Babu waya tsakaninsu, ta iska suke gaisawa. Idan bas ta doso mahaɗa sai na'urar ta ce wa akwatin, "Ga ni nan tafe da mutane, kuma na makara." Shi kuma sai ya riƙe mata kore na 'yan daƙiƙu, ko ya gajarta mata ja.

Da bas aka fara don gwaji. Idan abin ya yi kyau sai a saka wa motocin asibiti da na kashe gobara, kuma can ne raina yake. Na taɓa zama cikin motar asibiti da wata ƙawata tana numfashi da ƙyar, jiniya na kuka, fitila ta yi ja, motoci sun cushe babu mai wurin matsawa. Ta warke, tana nan da bakinta, amma ni har yau wannan minti huɗun bai fita raina ba.

Babban mai adawa da aikin nan kuwa a gidanmu yake kwana, don shi ya haife ni. Baba direban bas ne, shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari bai taɓa buge ko kaza ba. A gareji Mai Tsumma ake ce masa, saboda wani tsumma ruwan toka da ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Da shi yake goge gilashi, madubi, sitiyari, har mariƙin ƙofa. Mama ta ce da za ta tsaya wuri ɗaya minti biyar, ita ma sai ya goge ta. In ya tashi daga aiki ba ya son ganin mota. Wani tsohon baƙin keke yake hawa zuwa gareji da komowa, keken da ya girme ni, wanda a kariyarsa ya riƙa kai ni makaranta.

Ranar da aka tara direbobi in yi musu bayani, na zo da hotuna da zane-zane, na yi rabin awa ina magana. Ina gamawa Baba ya miƙe daga layin baya, ya gyara tsummansa.

"Injiniya," in ji shi. A gida Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. In kuwa ya ce Injiniya, to akwai magana. "Wannan abin naki da yake gaya wa sanda inda nake, gobe ba zai gaya wa ofis minti nawa na yi ina shan shayi ba? Akwatin gulma za ki ɗora mana a gaba mu riƙa yawo da shi?"

Zauren ya ɗauki tafi. Na ji kamar in nutse, sannan na ji kamar in jefe shi da allon zane, amma uba uba ne, sai na haɗiye. Direbobi suka kafa sharaɗi, Baba na gaba: na'urar kada ta faɗi lambar mota, kada ta faɗi sunan direba. Iyakarta ta ce bas na tafe. Na yarda, har na ga akwai gaskiya a maganar. Daga ranar ni da Baba ba mu ƙara tayar da zancen a gida ba. Bai taɓa tambayata yaya aikin yake tafiya ba, ko sau ɗaya, kuma in faɗi gaskiya abin ya yi mini ciwo.

To wannan sharaɗin ne ya ɗaure mini hannu da bas ta ashirin da ɗaya ta bayyana. Ƙarfe shida na yamma motocin gwaji duk suna komawa gareji, wasu su karɓi hanya. Amma shida da minti ashirin sai akwatin mahaɗa ta ɗaya ya ji wata bas ta yi masa sallama, ya ba ta kore. Sai ta biyu, sai ta uku. Tafiyarta a hankali, kamar mai jin tausayin taya. Tsakanin mahaɗa ta biyar da ta shida takan tsaya minti goma daidai, sannan ta ci gaba, ta wuce ta bakwai, ta ɓace. Wace mota ce? Babu lamba. Wane direba? Babu suna. Ni da hannuna na goge su.

Na kira maigadin gareji a waya har sau uku. Kowane lokaci sai ya fita ya ƙirga, ya dawo yana haki ya ce ashirin cif suna nan a jere. Da safe na aika aka duba na'urori, ashirin cif, kowace a maƙale a wurinta. Muka nemi hoton kamarar mahaɗa ta huɗu, muka kalla har idona ya yi ja. Motoci ƙanana, babura, masu keke, masu ƙafa, wata mata da buhu a ka. Bas kam babu.

Abokin aikina, wanda muke ce wa Dogo don sai ya sunkuya yake shiga ofis, shi abin dariya yake ba shi.

"Kin lura ba ta fitowa ran Asabar?" in ji shi, yana nuna allon kwamfuta da biro. "Fatalwar nan ma'aikaciya ce, tana da ranar hutu. Ni ma da ita na zama."

"Dogo, in ba za ka taimaka ba, je ka tsaya a mahaɗa a ɗaure maka akwati, ka fi sandar tsawo."

Muka canja akwatuna biyu. Muka bi umarnin da na rubuta wa na'urar layi-layi. Na zargi zafin rana, na zargi wata hasumiyar waya da ke kusa, na zargi kamfanin da ya ƙera kayan, har na rubuta musu wasiƙa mai zafi, Dogo ya ɓoye ta bai aika ba, Allah ya saka masa. Duk abin da injiniya zai yi a kan kujera mun yi shi.

Ran Litinin, kwana goma sha biyar da fara gwaji, Darakta ya kira ni. Mutum ne mai sanyin magana, kuma wannan sanyin ya fi tsawa tayar da hankali. Ya cire tabarau, ya ajiye a kan takardun da na kai masa.

"Aikinki ya yi kyau, motoci sun daina makara. Amma ɗaya cikin biyu ne: ko na'urarki tana mafarki, ko wani ya gano yadda zai yi mata ƙarya yana satar kore. Ko wanne ne, ba zan sa hannu a ɗora ran maras lafiya a kanta ba. Kwamiti zai zauna ran Alhamis ƙarfe goma. Ki zo musu da wannan motar, ko kuma a kwance akwatunan a mayar sito."

In da ni ce a kujerarsa haka zan faɗa. Na fito na rufe ƙofar da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

A gida kuwa wani sabon yayi aka shiga. Baba ya dawo da burodinsa a leda kamar kullum, ya jingine keke, ya shige ɗaki da jakarsa, ya fito ya zauna cin abinci yana ta murmushi shi kaɗai.

"Yau ma ban sa ƙafa a ƙasa ba," ya ce wa Mama. "Daga gareji har kwanar gidan nan, in ban da wajen mai burodi. Ina zuwa fitila sai ta yi kore, kamar ta ga sarki."

"To sannu, ranka ya daɗe," in ji Mama, tana zuba masa ruwa. "Gobe sai mu shimfiɗa maka darduma daga bakin ƙofa."

"Ke ba ki gane ba. Sanin hanya ne. Shekara talatin da ɗaya! Na san numfashin kowace fitila. In na taka feda sau arba'in daga ta biyu, ta uku tana buɗewa. A ka abin yake, ba a akwati ba."

Ya faɗi ta ƙarshen yana kallona ta gefen ido. Ni kuwa kaina yana can mahaɗa ta biyar, ina juya cokali a faranti. Na ji maganar sarai, kunnena lafiya lau. Abin da na ji a ciki kawai shi ne baƙar magana, sai na tashi na bar musu teburin.

Ran Talata na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tashi daga kujera na tafi titi. Ni da Dogo muka tsaya a mahaɗa ta biyar, gaban wani shagon gyaran takalmi, riƙe da na'urar gwaji. Wata aba ce mai kamar babbar waya, in bas na kusa sai ta yi ƙara ta nuna nisanta. Mun riga mun yanke hukunci cewa wani mai wayo ne ya ɓoye na'urar bogi a motarsa, saboda haka Dogo ya zo da littafi zai rubuta lambar duk motar da ta wuce.

Shida da rabi da 'yan mintoci abar ta fara ƙara. Mita ɗari uku. Ɗari biyu. Na ɗaga kai ina leƙen titi. Ɗari. Fitila ta riƙe kore. Ga wata farar mota mai baƙin gilashi tana tahowa a hankali.

"Ita ce!" na ce. "Dogo, rubuta!"

Sai na ji ƙararrawar keke a gefena, ƙirrin-ƙirrin.

"A'a, Injiniya! Yau ofis ɗin titi ya koma?"

"Baba don Allah wuce, kana tare mini!"

"Na wuce, ai kore ce," in ji shi, ya ɗaga wa Dogo hannu, ya yi gaba abinsa, jaka na lilo a kariya, tsumma na kaɗawa a kafaɗa.

Washegari muka kashe rabin yini muna neman mai farar motar. Wata tsohuwar malamar makaranta ce, ko rediyon motarta ba ta san yadda ake kunnawa ba, kuma ranar ce rana ta farko da ta bi titin a watan. Ta ba mu ruwa mai sanyi, ta yi mana addu'a, muka fito kunya kamar ta kashe ni.

Da yammacin Laraba na sallama. Na tattara takarduna, na jefa na'urar gwaji a jaka ban ko tuna in kashe ta ba, na nufi gida in rubuta wa kwamiti cewa ban gano ba. Shekara biyu. A hanya ina wuce fararen akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin yadda za a kwance su a jibge a sito ƙura ta rufe su. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan.

Bakwai da rabi na shiga falo. Mama na ninke wanki a kan kujera, Baba na zaune yana goge gilashin agogonsa. Na yi sallama na ajiye jaka a kan tebur. Sai jakar ta fara ƙara.

"Wayarki ce?" in ji Mama.

Na ciro na'urar. Rubutu ne ɓaro-ɓaro a fuskarta: bas na kusa, mita biyar.

Na dubi falon. Kujeru uku, talabijin, fanka, kwandon wanki, uwa da uba. Na matsa wajen taga, ta ce mita bakwai. Na dawo wajen kicin, shida. Na nufi ƙofar ɗakin Baba, uku.

"Mama, akwai bas a ɗakin Baba."

"To ki ce ta jira ni, zan je kasuwa."

Na lura Baba ya daina goge agogo. Na tura ƙofar na shiga. Ɗakin tsaf kamar kullum, takalma a jere, riguna a rataye. Mita biyu. Mita ɗaya. Na ja durowar gefen gado, inda yake ajiye lasisinsa da takardun shaidar da aka ba shi na tuƙi babu haɗari. A kansu akwai wani abu naɗe cikin sabon tsumma fari, ba wanda yake goge mota da shi ba. Na warware. 'Yar na'urata ce, fitilarta na ƙiftawa, ta sha guga har tana ɗaukar ido.

Na fito da ita a tafin hannu. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga murya a gaban mahaifina, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba! Me wannan take yi a nan? Sati biyu ina hauka! Na canja akwatuna, na zargi kamfani, na bi wata baiwar Allah har gidanta kamar ɓarauniya! Gobe za a rushe aikin gaba ɗaya saboda motar da babu ita, ashe a durowarka take kwana!"

"Wace mota kuma?" Da gaske bai gane ba. "Ai na cire ta daga soket. Abin da aka cire daga wuta yana magana ne?"

"Akwai batir a cikinta! Awa uku take yi. Duk inda ka bi tana ce wa sanduna ita bas ce, ta makara!"

Mama ce ta fara ganewa. Ta ajiye rigar da take ninkewa, ta dubi Baba tun daga sama har ƙasa.

"Feda arba'in," in ji ta a hankali. "Numfashin fitila. A ka abin yake." Sai ta fashe da dariya har ta kife a kan kwandon wanki. "Ashe a kariya abin yake!"

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman kafaɗarsa.

"Me ya sa ka ɗauko ta?" na tambaya, murya ta ɗan sauka. "Kai da ka ce akwatin gulma ce."

"Ƙa'idarmu ce ta tsofaffin direbobi," in ji shi. "Duk abin da hannu ɗaya zai iya cirewa, ba ya kwana a mota. Tun ina yaron mota aka koya mini. Fuskar rediyo, tocila, sifana, duk jaka suke shiga. Rana ta biyu da kuka saka abin nan aka kwance madubin motar da ke kusa da tawa. Na taɓa taki na ga da ja ɗaya take fita. Na gaya wa sauran, suka ce in an sace a sace, ba kayan ubansu ba ne." Ya ɗago kai ya dube ni. "To ni kayan 'yata ne. Shekara biyu ina ganin fitilar ɗakinki a kunne, kina cin abinci a tsaye. Sai in bar shi a gareji wani ya sa a aljihu? Kullum da asuba nake mayar da ita kafin kowa ya zo."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Bayan abin da na faɗa a gaban mutane? In zo in ce miki ina kwana da akwatin gulma a durowa?"

Duk faɗan da na tanada sai ya narke. Na zauna a hannun kujerarsa, na'urar na ƙiftawa a cinyata, na ji hawayen da na riƙe a hanya sun zo, dariya kuma ta biyo su, na rasa wanne zan fara.

"Ni na ɓata, ni zan je in faɗa," in ji Baba. "Ƙarfe nawa ne zaman?"

Ran Alhamis mutum bakwai ne a teburin kwamiti, Darakta a tsakiya. Na miƙe na ce na zo da bas ta ashirin da ɗaya, tana bakin ƙofa. Duk suka juya wajen taga suna neman mota. Dogo ya buɗe ƙofa, Baba ya shigo yana tura kekensa, cikin kakin aiki da ya sha guga, ya kafa keken a kan kafet ya yi gaisuwa. Ya ba da labarin daga farko har ƙarshe, bai rage ko feda arba'in ɗin ba. Wata mata a ƙarshen tebur ta rufe baki da fayil, kafaɗunta na rawa. Darakta ya cire tabarau yana goge ido, Baba har ya miƙa masa tsumma.

Da aka natsu na faɗi nawa laifin, don akwai shi. Ban koya wa na'urar ta yi shiru in an kashe inji ba, kuma na maƙala ta yadda kowa zai iya cirewa. Duka biyun gyaran yini ɗaya ne. Sannan na nuna musu abin da ni ma sai a daren Laraba na lura da shi: yamma goma sha uku, mahaɗa bakwai kowace yamma, sau casa'in da ɗaya ke nan. Daga cikin jaka, cikin tsumma, a bayan keke, tsakiyar cunkoso, ko sau ɗaya akwati bai kasa jin ta ba. Babu mafarki, babu mai yi mata ƙarya. Gwajin da ya fi wannan tsanani ni kaina ban shirya shi ba.

"Malam Direba," in ji Darakta, "an ce mini kai ne ka raɗa wa abin nan akwatin gulma."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma ga shi ta yi gulmar tawa, duk da ba ta san sunana ba."

Aka sa hannu kafin sha biyu: a ɗaure na'urori da kusa, a gyara maganar inji, wata mai zuwa a fara da motocin asibiti shida. Baba kuma aka ja masa kunne da baki, ya karɓa yana cewa ya ji, ya kuma roƙi a sa kusoshi huɗu ba biyu ba.

Da yamma na bar motar ofis, na tafi gareji na jira shi. Ya fito yana tura keke, jakarsa babu nauyi. Ya dube ni, ya dubi kariya, ya ciro tsumma ya goge ta.

"Za ta ɗauke ki kuwa? Kin ƙara nauyi tun aji uku."

"Baba, ka tuƙa kawai."

Na hau na zauna a karkace, na riƙe bayan rigarsa kamar da. Muna isa mahaɗa ta ɗaya fitila ta yi ja. Baba ya sa ƙafa a ƙasa. A ta biyu ma ja. Daga nan na ji yana ƙirga feda ƙasa-ƙasa, ya kai arba'in daidai muna isa ta uku, ta yi ja jawur kamar da gayya. Na ƙunshe dariya a bayansa har keken na rawa.

"Yi dariyarki," in ji shi. "Uwarki ma ta yi."

Muka tsaya muna jira. Sai ga bas ta ƙarshe cikin na gwaji, wadda ta yi lattin komawa gareji, ta fito ta ɗaya hannun. Farin akwatin da ke saman kanmu ya riƙe mata kore, ta wuce sumul. Baba ya bi ta da kallo har ta yi nisa, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana duban akwatin.

"Ka yi haƙuri, Baba," na ce. "Na ƙwace maka sarautarka."

"Wace sarauta? Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a ja don ki yi karatu. Kin ba ni kore kwana goma sha uku, Uwata. Ya ishe ni. Sauran ki ba marasa lafiya."

Na ƙara riƙe rigarsa. Fitila ta canja, ya taka feda, muka nufi wajen mai burodi.